Sungumin Baba Ishaƙu

Bariénou, 25 ga Maris

Zuwa ga Yaya Massaoudou, unguwar Gar, Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma an yi ƙaramar Sallah lafiya. Mun zuba ido har aka sauko daga Idi, ko ƙeyarka ba mu gani ba. Goggo Sakinatu, ƙanwar Baba, ta ajiye maka cinyar zabo har washegari, da ta ga ba ka zo ba ta haƙura ta ba ni.

Ni ne Mourtala na Djougou, jikan ƙanwar marigayiya Inna, matar Baba Ishaƙu. Na faɗi haka ne don sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa, kada ka tsaya tunanin wane Mourtala. Shekara biyu ke nan ina zaune a nan ina taya Baba aikin gona. Na rubuto a takarda saboda rezo na waya a nan sai an hau tudun itatuwan akaju, wato yazawa, kuma a can duk mai tsince yana jin abin da kake faɗa. Yahouza mai kamiyo, motar nan ta ɗaukar kaya, ya ce duk Alhamis yana sauke buhuna kusa da teburin namanka, shi zai riƙa kawowa.

Zafi ya yi zafi. Mangwaro ya nuna, awaki sun koma kwana a gindinsa. Mun gama sharar gona, mun ƙone karan bara, shanun Fulani sun kwana goma a gandu sun bar mana taki. Doyar da muka binne ta fara leƙowa daga ƙarƙashin ciyawar da muka rufe ta. Goggo na can kullum da ƙwarya tana tsintar akaju, tana faɗa da birai.

Baba yana nan, da sauƙi, sai dai tsufa. Shekaranjiya ya sa na sauko da sunguminsa daga saman rumbu, na shafe ƙotar da man kaɗe. Ya kuma ce in share gayaunar nan ta gindin ɗorawa, na share ta tas.

Yaya, ya kamata ka zo kafin ruwan shuka ya sauka. Ba zan ce komai fiye da haka ba. Gani ya kori ji.

Ƙaninka,
Mourtala


Parakou, 2 ga Afrilu

Malam Mourtala,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da haƙori ke damu. Ka gaida Goggo, ka ce mata cinyar zabon ta faɗa hannun mai rabo, kuma da alama ba ita kaɗai ba.

Na karanta takardarka sau uku. Karo na uku ina tsaye da wuƙa a hannu, har na auna wa wata mata ƙashi a maimakon tsoka, ta wanke ni tas a gaban jama'a.

Gayaunar gindin ɗorawa da ka share tas, tawa ce. Ina da shekara goma sha huɗu Baba ya yanka mini ita. Ko ba a gaya maka ba? Sungumin da ka shafe da man kaɗe kuma, tunda a birni ka tashi, bari in gaya maka ko mene ne shi. A gidan nan maigida ne ke saran layin farko na shuka da hannunsa, yana gaba yana sara rami, wani na binsa a baya yana zuba iri yana rufewa. Shekarar da ƙarfinsa ya ƙare, a ƙarshen layin nan zai juyo ya miƙa sungumin ga wanda ke bayansa, shi ke nan gandu ya koma hannunsa. Haka Baba ya karɓa daga baffansa. Ni aka kawo wa Baba ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifina, kuma damina goma sha tara ina bin bayansa. Shi ya koya mini ƙwaya uku a rami, ɗaya ta tsuntsu, ɗaya ta ƙasa, ɗaya taka, sannan a rufe da diddige, ba da yatsun ƙafa ba. Da bakinsa ya ce mini, “Ranar da na gaza, kai zan juyo in gani.”

Na san shekara huɗu ban yi shuka a gida ba. Ba yawo nake yi ba. Patoro, mai teburin da nake wa aiki, ba ya sakin mutum daga watan da ake fara tara raguna har layya ta wuce, kuma bakuna biyar ke jiran abin da teburin nan ya kawo.

Yahouza ya ba ni labarin da kai ba ka ba ni ba. Ya ce Baba na zama a ƙofar gida yana gaya wa duk mai wucewa, “Ɗana ya fi ’ya’yan kowa, shi ke aske ni, shi ke kai ni masallaci.” Zan gaya maka gaskiya, ranar ko abinci ban iya ci ba. Kishi ne, na sani, ba sai ka ce mini hassada ga mai rabo taki ce ba. Amma ka tuna in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe.

Ga hula da kilishi na aiko wa Baba. Ka karanta masa wannan layin kamar yadda na rubuta: Baba, ɗanka na Parakou yana gaishe ka, yana tambaya ko alkawari na nan.

Massaoudou


Bariénou, 15 ga Afrilu

Yaya Massaoudou,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba ƙaramar lafiya, Goggo ta ce a shafa mata zuma a dasashi. Ka yi haƙuri da jinkiri, kamiyon Yahouza ya lalace a hanya, mako guda yana hannun makaniki.

An yi yayyafi ran Lahadi, bai ko kwantar da ƙura ba. Wasu masu gaggawa sun fita da iri. Baba ya tona ƙasa da yatsa ya ce wannan ruwan na yaudarar wawaye ne. Zabi dai sun yarda da shi, sun fara ƙwai a cikin ciyawa.

Na karanta masa layinka yadda ka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ya yi dariya ya ce, “Wane ne wannan mai aiko da tambaya daga nesa?” Kilishin ya tsotsa kaɗan, haƙoran ba su da yawa yanzu. Hular kuwa ya juya ta a hannu, ya ɗora mini a kai, ya ce ta fi dacewa da ni. Na rasa yadda zan yi, tana nan na rataye ta a ƙusa.

Maganar tabarma na ji ta. Ban zo gidan nan don in gaji kowa ba. Keken ɗinkina aka sace a Djougou, na rasa abin yi, Goggo ta ce in zo. Tun ranar nake ɗebo ruwa, nake kai taki, nake cire wa Baba ƙaya a ƙafa. Kai kana can kana jin haushina, alhali da za a ba ni zaɓi, da matsayinka zan zaɓa a gidan nan, ba nawa ba. Ba ka san abin da kake da shi ba.

Ina sake roƙonka ka zo, ko na kwana ɗaya ne. Awa uku ce a mota.

Mourtala


Parakou, 23 ga Afrilu

Mourtala,

Lafiya lau. Na ga saƙo.

To, madalla. “Wane ne wannan,” in ji Baba. Na gode da ka rubuto mini ita ɗanya, ko gishiri ba ka sa mata ba. Hular da na zaga kasuwa rabin yini ina zaɓe, ka sauko da ita daga ƙusa ka sa abarka, ka je Juma'a da ita mutane su gani.

In zo in yi me? In tsaya a bakin gona kamar mai kallon biki, a juyo a miƙa maka sungumi a gabana? Jiya na ga hadari ya haɗu ta wajenku, baƙi ƙirin, ina cikin fiɗar sa. Shekara huɗu in na ga irinsa zuciyata takan yi gida. Jiya addu'a na kama kaina ina yi kada ya zuba. Ka ga inda kuka kai ni, ɗan manomi yana roƙon a hana ruwa. Na yi istigfari, amma ban fasa jin abin da nake ji ba.

Ba zan zo ba. Ku yi shukarku. Gayaunar ma ka haɗa, tunda ka riga ka share.

Kada ka karanta wa Baba wannan.

Massaoudou


Bariénou, 6 ga Mayu

Yaya Massaoudou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma nan jiki lafiya. Na bar Alhamis ɗaya ta wuce ban rubuto ba, don da na rubuta a ranar da na ga takardarka, da zumunci bai sake haɗa mu ba.

Ruwa ya sauka ran Asabar da rana tsaka, na gaske, har kwaɗi suka buɗe baki. Da gari ya waye Baba ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu bai taɓo busasshiya ba. Aka ɗaure awaki a turke, Goggo ta sauko da zangarkun masarar iri daga saman murhu, duk sun yi baƙi da hayaƙi, muka ɓare su a faifai. Baba ya ɗauki sungumi, na bi bayansa.

Layin da ka san yana gamawa kafin a ɗumama tuwo, sai da rana ta ɗaga muka kai ƙarshensa. Sau huɗu yana tsayawa. Da muka kai bakin iyaka ya juyo, ya miƙo mini sungumin ya ce, “Karɓi, Massaoudou. Na cika alkawari.”

Ka sake karanta layin nan. Ban yi kuskuren rubutu ba.

Tun bayan girbin bara hankalin Baba ya fara gushewa. Da fari sunayen awaki ya manta, sai hanyar masallaci, sai ya fara tambayar ina Inna ta tafi, ita da ta shekara bakwai a ƙasa. Wata safiya ina ba shi koko ya kama hannuna ya ce, “Massaoudou, ka dawo?” Na ce Mourtala ne, Baba. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya fashe da kuka kamar yaro, ya ƙi kokon. Goggo ta ja ni gefe ta ce don Allah in amsa. Na amsa. Wata shida ke nan ina amsawa.

Ɗan da Yahouza ya ji ana yabo a ƙofar gida, sunanka ne a kansa. Da na karanta masa gaisuwar ɗansa na Parakou, bai gane ba ne, don a wurinsa ɗansa na zaune a gabansa yana riƙe da takarda. Hular ma kai ya ɗora wa.

Za ka ce me ya hana ni faɗa tun farko. Goggo ce ta hana. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, takarda kuma tana bin hannuwa, in maƙwabtan gona suka ji maigida ya ruɗe, duwatsun iyaka za su fara tafiya da ƙafarsu. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Sauran tawa ce, kuma ina jin kunyarta. Shekara ɗaya da rabi na yi ina bauta a gidan nan da sunana, abin da nake samu shi ne, “Yaron nan na Djougou, miƙo buta.” In na yi huɗa mai kyau ya ce Massaoudou ya fi miƙe layi. In na gyara shinge ya ce da Massaoudou ne da tuni an gama. Na tsane ka tun ban san fuskarka sosai ba. Ranar da na fara amsa sunanka ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Ban tashi da uba ba, Yaya, ban taɓa jin hannu irin wannan a kaina ba. Na ji daɗi. Ina rubuta maka ka zo, ka zo, amma ban taɓa rubuta abin da na san zai kawo ka ba.

Sungumin na karɓa don kada ya faɗi daga hannunsa. Ba nawa ba ne. Na jingine shi a ƙofar ɗakinka na da. Gandu mun shuke, gayaunarka ban shuka ta ba, ga irinka nan Goggo ta ware a ƙwarya. Gobe da sassafe zan tafi Djougou wurin yayar mahaifiyata, a bayan babban masallaci. Muddin ina gabansa ba zai ga wani Massaoudou ba, shi ya sa na ga gara in naɗe tabarmata.

Ka yafe mini. Ka zo tun ƙasa na da laima.

Ƙaninka,
Mourtala


Bariénou, 12 ga Mayu

Zuwa ga ƙanina Mourtala, bayan babban masallaci, Djougou.

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka lafiya, ka gaida yayar mahaifiyarka da mutanen gidan. Wannan ba ta jiran Yahouza, na ba wani mai zem, babur ɗin haya, ya kawo maka yau yau.

Takardarka ta same ni da hantsi. Na kwance gyauton aiki na ajiye wa patoro wuƙarsa a kan tebur, yana ta faɗa da Faransanci ina tafiya. Da la'asar na iso. A hanya, kada in ɓoye maka, har wani daɗi nake ji. Ina cewa ashe ni ne, ashe duk yabon nawa ne. Ina ta shirya yadda zan durƙusa ya dafa ni.

Na same shi a ƙofar gida a kan buzunsa. Ya rame, Mourtala, ba ka gaya mini ya rame haka ba. Na durƙusa na ce, “Baba, ni ne Massaoudou.” Ya dube ni da kyau, ya amsa gaisuwa cikin mutunci kamar yadda yake yi wa masu sayen akaju. Ya ce, “Sunan ɗana gare ka. Ya ɗan fita, yanzu zai dawo. Sakinatu, kawo wa baƙo ruwa.” Goggo ta kawo ruwan tana share ido da bakin zane. Na sha, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Kwana uku ina gwadawa. Na ba shi labarin ranar da jaki ya kayar da ni a rafi, na nuna masa tabon lauje a gwiwata. Ya yi dariya ya ce ai ɗansa ma yana da irinsa.

Jiya an sake ruwa. Da safe ya ga sungumi a jingine, ya manta ya riga ya miƙa shi, ya ɗauka ya nufi gindin ɗorawa. Na ɗauki ƙwaryar iri na bi shi. Rami bakwai ya sara, ya zauna a ƙasa yana haki. Sai ya miƙa hannu ya tone na ƙarshen da na rufe, ya ƙirga ƙwayoyin a tafinsa, ya dubi sawun diddigena.

Ya ce, “Baƙon nan ka iya shuka. Wa ya koya maka?”

Na ce, “Wani tsoho ne a ƙauyenmu.”

Ya ce, “Yana da rai?”

Na ce yana nan.

Ya ce, “To ka riƙa zuwa kana duba shi, ka ji ko? Tsufa ba daɗi in ba kowa. Ka ga nawa yaron, ko kwana ɗaya bai taɓa barina ba.”

Na mayar da ƙwayoyin na rufe. Ni da nake kishin an ƙwace mini suna, ashe da sunan kaɗai aka bar ni, shi ma wani ne ya riƙe mini shi da gumi. Yaron da Baba ke yabo ba ni ba ne. Wanda ke aske shi, yake cire masa ƙaya, wanda ya juyo ya gani a ƙarshen layi, shi ne. Har yanzu ina kishinka, kada ka ɗauka na warke. Amma yanzu na san a kan me.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da ka tafi bai ci abin kirki ba. Goggo ta ba shi ya ƙi, na ba shi ya ce baƙo ba ya wahala a gidansa, zai jira ɗansa. Yau ko koko bai sha ba. Duk moto da ta wuce sai ya ɗaga kai. Ɗazu ya tambaye ni ko na haɗu da Massaoudou a hanya, ko wani abu ya yi masa ne ya yi fushi.

Ka hau zem ɗin nan ka dawo. Sungumi na mayar da shi ɗakinka, hannun da ya karɓa shi ke da shi, haka al'adar take, ba ni na kafa ta ba. Zan zauna har a gama shuka, in patoro ya kore ni ya kore ni. Saura gayauna, ka yi gaba kana sara, ni in bi bayanka da iri.

Ka sako hular in za ka shigo. In ya kira sunana, ka amsa da ƙarfi, ni ma a gabansa haka zan kira ka.

Ban sa suna a ƙasa ba, yana wurinka.

Yayanka